Taƙi Huɗu

Tsohuwar mai doro ta rasu daren Laraba,
ana tsakar labarai.
Ta yi tari sau biyu, hoton ya tattare,
ya koma ɗigo kamar ƙwayar gero, ya ɓace.
Shekara sha tara muna marin ƙeyarta tana farkawa.
Wannan karon ko motsi.

Kokowa saura kwana tara.
Baba bai ce uffan ba,
ya dai ci gaba da zama yana kallon gurbinta.

Na auna bango da hannuna:
daga taga zuwa kabad ɗin Sahura, taƙi huɗu cif.
Na auna aljihu: jikka ɗari da goma,
har da kuɗin tunkiyar da na sayar a Tibiri.

Ran Litinin na hau kabu-kabu daga Bagalam
zuwa shagon Lawali, bakin Babbar Kasuwa.
Allo ashirin a jere, kifi ɗaya ke iyo cikinsu duka,
ja wur, kore shar,
cikin ruwan da Gulbi bai taɓa gani ba ko a tsakar damina.

Lawali ya ce, "Malam, ga taka. Inci hamsin da biyar.
Tana jin magana, tana shiga intanet,
in ɗan kokowa ya yi gumi, kai za ka share goshi."
Na ce nawa. Ya faɗa.
Na yi dariya, ya yi dariya,
kifin ma ya juya mana wutsiya.

Can ƙasa ga wata, sunanta kamar na manyan,
harafi ɗaya aka sauya,
farashinta kamar ƙosan da ya kwana.
Na tuna fankar da na saya haka bara,
wadda kaji ke kwana kanta yanzu.

Sai na ce, "Kashe mini kifin nan.
Sa tashar gida, in ga fuska irin tamu,
in ga ko baƙi zai fito baƙi, ba toka ba."
Na koma can gefe, daidai inda kujerar Baba take zama,
na runtse ido rabi, yadda nasa suke gani.
Biyu suka dushe. Ɗaya ta tsaya.
Na ce ƙara murya.
Na ce in Nijelek ta ɗauke kuran,
batirin sola zai riƙe ta har a gama karawa?
In ta kwanta ciwo, wa ya san cikinta a garin nan?
Ya ce Ɗan Tani mai gyara, na Sabon Gari.
Na ce to rubuta garanti, ka sa hannu, ka buga hatimi.

Inci talatin da biyu.
Albarka. Ƙara. Albarka.
Na kai bakin ƙofa, ya kira ni.
A tasa'in da biyar muka tafa,
canjin ya tafi ga ƙarfen rataya da akwatin daidaita wuta.

Na rungumo ta bayan babur kamar mai kai jariri awo,
ina ba ramukan hanya haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Da dare Baba ya taso, ya shafa bayanta,
ya ce, "Wannan ba su ba ta abinci? Ina cikin?"
Sahura na tsaye da ƙyallen da ta saƙa wa tsohuwar,
ba inda za ta shimfiɗa shi.
Kyanwa ta zagaya sau uku tana neman ɗumin doro,
ta fice.

Ran buɗe fili, ganga ta tashi,
Baba ya matso, ya ƙara matsowa,
ya ce, "Waccan laya ce a damtsensa na hagu?"
Na ce ita ce.
Shekara uku rabonsa da ya ga laya.

Akwai sauran bango, wajen tafin hannu, ba komai kansa.
Nafi'u ya ce da mun sayi babbar.
Na ce bari ka fara cin albashi.
Baba ya ce mu yi masa shiru, an kama ƙafa.