Sikelin Mahauci

Shekara talatin ina aza nama a sikeli
a kasuwar Talatar Mafara,
ban tauye wa kowa ko tsoka ɗaya ba.
Ran Laraba sai ga ni, ni Nomau,
an ce tuɓe takalmi ka hau.
Allura ta yi rawa, ta tsaya a ɗari da huɗu.

Likita ya ɗaure mini damtse,
ya hura, ya saurara, ya sake hurawa.
Ya ce jinina na gudu
kamar ruwan Bakolori ran da aka buɗe ƙofa,
hanyoyinsa kuwa kitse ya fara liƙe su.
Ni za a gaya wa kitse?
Na san yadda yake daskarewa a faranti in wuta ta mutu,
fari fat, sai wuƙa ta kankare.
Ban dai san ina tara irinsa a ƙirji ba.

"Ba ka faɗa ba tukuna," in ji shi,
"amma bakin rijiya kake wasa."
Sai na tuna Baba,
da ya sunkuya zai ɗauki buta, bai ɗago ba.

Ƙwaya biyu aka ba ni,
ɗaya bayan asuba, ɗaya in zan kwanta.
Ko ƙwayar wake ta fi su girma,
ga ni ƙato ina yi musu biyayya.

Tambai ta ɓoye gishiri, ta sallami man shanu.
Makon farko miya kamar ruwan wanke hannu.
Na yi fushi, na ture kwano,
yunwa ta sa na jawo shi.
Sai a wata na biyu harshena ya gane
ashe daddawa ma tana da abin faɗi.

Wuyar tana wurin aiki.
Ina yanka wa mutane tozo, yana ɗiga a garwashi,
hannuna ya kama hanyar baki da kansa,
in tsayar da shi a tsakiya.
Bagudu mai shayi ya ce,
"Mahauci ya koma akuya, sai zogale!"
Na yi dariya. Ban ji daɗi ba.

Yanzu babur na hutawa a zaure.
Ina bin gefen magudanar ruwa da ƙafa,
manoman albasa sun san tarina.
Mazagin wando kullum ƙara tsawo yake.

Jiya allura ta tsaya a casa'in da bakwai.
Kilo bakwai: hannuna ya san nauyin nan,
cinyar maraƙi ce sukutum
na yi ta saɓawa ina hawa da ita masallaci.

Ran suna a gidan Bagudu na ci tozo, yanka uku.
Ban faɗa wa likita ba.

Da dare, in gari ya yi shiru,
nakan aza tafi a ƙirji in saurara.
Tana nan tana daka a hankali,
kamar maƙwabciyar da ba ta son ta tashi kowa.