Akwatin Jory

A Trevennor, bayan tsohuwar majami'a,
inda iskar teku ta lashe sunayen kan duwatsu,
nakan zauna a bencin nan mai gansakuka
in kalli masu nema.

Bibbiyu suke zuwa, wani lokaci da kare,
kowa ido a kan waya
kamar mai bin sawun ɓatacciyar tunkiya.
Tauraron ɗan'adam ya kawo su bakin katanga,
daga nan sai ya fara yi musu wasa da hankali:
taku uku gabas. A'a, koma.
Sauran aikin na ido ne da gwiwa.

Na san dutsen da ke motsi.
Ba na faɗa.

Mijina Jory ne ya ɓoye shi,
shekarar da rufin hasumiya ya fara yoyo.
Akwatin roba ne, wanda yake zuba abincin rana a ciki.
Ya ce, Morwenna, ranar Lahadi mu bakwai ne,
har da mai kaɗa ƙararrawa.
Shekara ɗari takwas ginin nan yana jiran baƙi,
bari in ba su dalili.

Dokarsa ɗaya: ka ɗauka, ka ajiye.
Yau a ciki akwai ɓawon dodon koɗi,
da kwabon wata ƙasa mai huda a tsakiya,
da sojan roba mai hannu guda,
da guntun fensir da aka fiƙe da haƙori.
Littafin ya sha laima, ya kumbura,
sunaye ɗari huɗu da 'yan kai.

Jiya wata yarinya, Lowen,
ta gaji da lalube, ta zauna a kan kabari
tana cire ƙaya daga safa.
Ubanta ya daka mata tsawa ta tashi.
Na ce ƙyale ta, mai wurin ba zai damu ba.
Taku goma sha biyu ne tsakaninsa da akwatinsa,
shi ma mun ɓoye shi,
sai dai babu wayar da ke nuna hanya.

Da ta ɗaga dutsen, ihunta ya tashi hankaki.
Ta ɗauki sojan,
ta laluba aljihu, babu komai,
sai ta tsinke maɓallin rigarta, ja, ta saka.

Da yamma na zo da sabon fensir.
Maɓallin kuwa na daɗe ina juya shi a tafin hannu
kafin in mayar.