Jan Biro

Ni ne mai jan biro a ofishin tallafin karatu,
ƙofa ta uku in ka wuce darbejiya,
inda fanka ke juyi ranar da wuta ta ga dama.
Shekara goma sha ɗaya a Gombe ina ja wa sunaye layi.

Dokar gajeriya ce, ko yaro zai haddace:
maki biyu da rabi, kuɗinka na nan.
Ka gaza, a dakatar.
Ka bar darasi uku a baya, a dakatar.
Ba ni na rubuta ta ba.
Ni hannu ne kawai, kai yana bene.

Ran Talata, ana kiran azahar,
ta yi sallama da muryar wadda ta sha rana.
Barira Hammayo, daga Dukku, aji uku.
Na duba: biyu da ɗigo huɗu da bakwai.

Ta ce, "Malam, lissafi nake karanta,
na san abin da ya rage.
Uku cikin ɗari.
Ko gishirin miya ya fi shi auki."

Ban ɗaga kai ba.
Mai ɗaga kai a aikin nan
ba ya samun barci.

Ita ma ba ta tafi ba.
Ta ce ƙodar Baffa ce ta tsaya a tsakiyar zango,
ta ce dare talatin da biyu ta yi a barandar asibiti,
tabarma ɗaya, sauro dubu,
littafi a cinya, fitilar waya a baki.
Ta shiga jarrabawa da warin magani a hijabinta,
ta ga tambaya ta uku tana rawa
har aka ce a ajiye biro.

Na ce akwai takardar ƙorafi.
Mako biyu gare ki. Kwamiti na zama Alhamis.
Amma sai da hujja, a rubuce, da hatimi.

Ta ce, "Gajiya tana da hatimi?"

Litinin ta dawo da baƙar leda,
ta zazzage mini a tebur:
rasit ɗin magani, arba'in da ɗaya,
wani ya sha manja, wani ya sha ruwa.
Na juya guda don in jera,
sai ga lissafi a bayansa, ƙanana kamar kiyashi.
Na juya na biyu. Na juya na goma.
Gaba kuɗin allura,
baya aikin gida.

To, kada mai karatu ya ce dokar azzaluma ce.
Tukunyar ƙarama ce, hannaye sun yi yawa.
A aljihun teburina akwai Ishaku Maigari na Billiri,
uku da ɗigo takwas,
yana ɗaukar bulo a Tumfure ran Asabar,
shekara biyu yana jiran wani ya faɗi
don ya samu wurin tsayawa.
Shi ma na san tafin hannunsa.
In na tausaya wa dama,
hagu ke biya.

Na haɗa rasit ɗin da allurar takarda,
na sa bayansu yana kallon sama
don ido ya fara cin karo da lissafin.
Iyakar ikona ke nan.
Ran Alhamis ni ke kai fayil da shayi,
in ja ƙofa, in fito.

Yau Laraba.
Na ja wa mutum goma sha tara layi tun safe.
Da na iso sunanta sai na mayar wa biro murfi,
na ɗauki fensir,
na ɗiga ɗigo ɗaya a gefe,
ƙarami,
bai kai uku cikin ɗari ba.