Gida na Arba'in da Bakwai

Asabar ce, Keighley ta tashi da yayyafi,
irin wanda ba ka jin sa sai ya kai ga ƙashi.
Mu tara muka haɗu bayan tashar jirgin ƙasa,
kowa da takalmin roba,
da ɗan gilashin ƙara girma rataye a wuya.

Uwargida Maud Ollerenshaw ce jagora,
tamanin ba biyu, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.
Ta shimfiɗa taswira a kan goshin mota:
Ƙungiyar Masana Tsirrai ta yanka ƙasar nan
gida-gida, kamar filin dara,
daga tsibiran arewa har inda teku ya ce dakata.
Namu na arba'in da bakwai:
rabin maƙabarta, masaƙar da ta mutu, da gaɓar kogi.

Ba albashi. Mu ke biyan kuɗin shiga ma.
Akwai mai raba wasiƙu, akwai farfesa
da mai gyaran famfo ke yi wa gyara
yana godiya.
Ni ƙwayoyin magani nake ƙirgawa a kanti,
ran Asabar in ƙirga ciyawa.

Aikin durƙuso ne.
Me aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani.
Abin da muka rubuta a jiƙaƙƙen kati
zai je hedikwata ya tarar da na dubbai,
a tace shi, a yi gardama a taron shekara
har shayi ya huce kan sunan haki ɗaya,
sannan a buga littafi mai nauyin jariri,
kowane shafi taswira, kowane ɗigo shaida.
A nan ake ganin mai ƙaura arewa don zafi,
da wanda aka kusa yi wa ta'aziyya.
Da ɗigon nan aka hana hukumar gari
aske gefen titi kafin fure ya zubar da iri.

Gab da azahar ta tsaya gindin wata katanga.
Mijinta, in ji ta, ya ga farin fure a nan
shekarar da suka yi aure.
Muka tona da ido, taku bayan taku.
Kwalta. Gwangwani. Safar hannu ɗaya.
Ta lashi fensir, ta ja layi.
"Rashi ma ana rubuta shi," ta ce,
ta wuce gaba, ba ta nemi a riƙe ta ba.

Bayan kasuwa, inda ake juye shara,
na hango shi tun daga nesa, ya daga kai kamar baƙo a masallaci.
Suka zagaye shi, suka buɗe littafi, suna ƙirga jijiya.
Ni yatsuna sun riga ni:
alayyafo.
Na murza ganye, sai ga tsakar gidan Inna Ladiyo,
wadda ta san tafasa daga rai-ɗore cikin duhu,
ta san gasaya, lalo, yaɗiya, da wanda ke kashe akuya,
ta tafi da su duka a ka,
ba wanda ya bi ta da kati.

"Ka tabbata?"
Na ce na ci shi shekara ashirin.
Ta yi dariya, ta ce ciki ba hujja ba ne,
a kai reshe ga alƙalin wannan dangi.
Muka kwantar da shi tsakanin tsofaffin jaridu,
muka ɗaure da maɗauri.

Wata uku, wasiƙa ta zo.
Sabon ɗigo a gida na arba'in da bakwai,
mai yiwuwa daga abincin tsuntsaye ya zube.
Sunan Latin a sama, dogo kamar rawani.
Wanda ya gani: M. Gwadabe.
Can ƙasa, da fensir, hannu na rawa,
ta tambayi yadda ake rubuta shi da Hausa.