Tunkiya Ɗaya, Waya Ɗaya

Tunkiya na sayar a At-Bashi, gurguwa ma,
na ƙulle kuɗin a safa, na hau motar Bishkek.
A Dordoi, cikin layin kwantenoni,
wani yaro mai sabon gashin baki ya miƙo min ita,
ya ce, "Baba, wannan ce daidai aljihunka."
Ban ji haushi ba. Bai yi ƙarya ba.

Wata huɗu ke nan tana kwana a ƙirjina.
Kada ka ce so ne. Sanyi ne.
In ta kwana a wajen bargo,
batirin da ya kwanta da rabin rai
sai ya wayi gari a sanƙare
kamar ɗan ragon da uwa ta ƙi.
Amma in ta sha ɗumin jikina,
kwana uku ba ta tambayar caji.
Ta surukina, mai tsada, mai ido uku a ƙeya,
tun kafin la'asar take fara hamma.

Tawa ido biyu gare ta, ɗaya ke gani.
Ɗayan na gano kwalliya ce,
maɓalli a rigar da ba a huda ba.
Da rana ba laifi:
tafkin Son-Kul ya fito shuɗi,
dokina ya fito doki.
Amma daren da kyarkeci ya zagayo shinge
na ɗauka don in nuna a ƙauye,
abin da ya fito duhu ne da ɗigo biyu.
Toktobubu ta duba, ta ce,
"Wannan ai babur ne ke tahowa."

Ga nawa. In na taɓa ta sai ta tsaya nazari
kamar tsohon da aka tambaya shekarunsa.
Ga ƙaramin ciki, kullum ta ƙoshi,
sai in zauna bakin murhu ina zaɓe:
hoton rago zan goge, ko muryar ƙanwata?
Ragon nake gogewa. Gobe ma akwai rago.

Sau huɗu tana faɗowa daga sirdi.
Tsaga ta ratsa fuskarta, kusurwa zuwa kusurwa,
gabana bai faɗi ba, na ɗauka na hure ƙasa.
An ce araha ba ta ado.
To, wa zan yi wa ado a nan, gaggafa?
Tocilarta ta nemo min akuya a kwazazzabo,
rediyonta ya faɗa min ƙanƙara na tafe
na kora garke gangare kafin ta sauko.

Ranar Lahadi nake hawa dutsen bayan tanti,
in ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa,
har sanda ɗaya ta leƙo, wani lokaci biyu.
Ulanbek ya kira daga Mosko,
da hular aiki, da siminti a gira,
ya juyo min da Ayzirek, jikar da ban taɓa ɗauka ba.
Fuskarta ta farfashe gida-gida,
kukanta ya riga bakinta isowa,
sannan komai ya tsaya cak
tana tsakiyar hamma.
Na tsaya cikin iska ina kallon hammar nan
har yatsuna suka daina jin kansu.

Da dare nakan yi awo.
Gurguwar nan da ta ba ni ɗa baɗi,
da ulu, da romo in baƙi sun zo.
Na ɗora wannan a hannun dama.
A hagu, gilashi mai tsaga,
da nawa, da makanta in rana ta faɗi,
da ɗan baki buɗe, babu haƙori ko ɗaya.

Toktobubu ta ce baɗi in sayar da biyu
in sayo wadda ke gani a duhu.
Na ce Allah ya kai mu.
Na mayar da ita ƙirji, na ja bargo,
ina jin sanyinta yana raguwa.