Darasin Jaka

Shekara tara ina zana shi a allo,
a makarantarmu ta Ƙofar Yanɗaka,
dabba mai jaka a gaba, wai shi kangaru.
Yara su bushe da dariya, "Malam, zomo ne ya yi ƙiba?"
Ni ma a hoto kawai na san shi.

Nakan ce musu: wata guda yake kwana a ciki,
ya fito kamar ƙwayar wake,
ba ido, ba gashi, ƙafafun baya ba su nuna ba,
ya ja jiki da hannuwa biyu
har ya faɗa jaka, ya kama nono.
A can ake ƙarasa shi.

Nakan ce: kakanmu ɗaya da shi,
mun raba hanya shekaru miliyan ɗari da sittin.
Namu suka riƙe ɗa a mahaifa sai ya nuna,
nasu suka bi ta kudu, ƙasa ta tsage da su.
Amma littafin gadon da ke cikin jini
haruffa huɗu ne, nasu da namu.
Su rubuta, in ba su maki, a tashi.

Sai daren Talata Bara'atu ta sauka,
wata bakwai ba su ma cika ba.
Kwalba uku ce a ɗakin, duk da mai ita,
ga wuta tana zuwa tana komawa.
Sista Tasalla ta dube ni ta saman tabarau:
"Uwar ta gaji. Cire rigarka, Malam."

Ta ɗora mini ita a ƙirji, fata da fata,
ta naɗe mu da zanen atamfa.
Ni da ban taɓa goyo ba ko a baya!
Nauyinta bai kai kwanon gero ba.

Can wajen asuba na ji yatsu,
ƙanana kamar tsinken tsintsiya,
suna lalube, suna hawa, suna neman abin da ba ni da shi.
Na san wannan tafiyar.
Na sha zana ta da alli.

Ran Litinin in na koma aji
ban san ta inda zan fara ba.
Yanzu dai kada kowa ya yi mini magana,
tana barci, ina ƙirga numfashinta.