Shekara Shida Tsakani

Ran Talata Baba Issaka ya shigo da ita Magazin,
akori-kura mai shuɗin fenti da rana ta lashe,
ƙirar casa'in da takwas,
ta san hanyar Bawku fiye da 'ya'yansa.
Ya ce, "Masta, gwiwar hagu ta daina jin magana.
Kulochi ya fi ƙarfina,
ni kuwa ban gama da albasa ba."

Bayan shagon Kwadwo akwai ƙanwarta a kwance,
ta dubu biyu da huɗu.
Ta faɗi a gangaren Nkawkaw, jiki ya tafi,
injin na nan, da giya mai canza kanta.
Muka ja ciniki har aka kira la'asar.
Kwadwo ya rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke:
kwance, ɗaura, ka je ka ci wake da shinkafa.
Rigarsa fara fes.
Bai taɓa kwana ƙarƙashin mota ba.

Muka rataya sarƙa a ƙarfe uku,
Mumuni yana saki, ina lallaɓawa,
injin ya sauko kamar guga a rijiya,
ya tsaya.
Ramin noti ya ƙi kallon ɗan'uwansa.
Yatsa biyu kacal,
yatsa biyun suka ci mana yini da sandar walda bakwai.

Giyabos ya fi na da tsawo,
sai farfela ta rasa wurin miƙe ƙafa.
Na saɓa ta a kafaɗa zuwa wurin mai yanka,
ya rage taƙi guda, ya ƙara kuɗi.

Waya ce ta kusa sa ni kuka.
Tsohuwar soket baki goma sha biyu,
sabuwa ashirin da huɗu, duk a buɗe suna jira.
Ofori mai wayarin ya zauna a kan taya,
gwaji a haƙori,
yana bin ja, yana bin kore mai ratsin fari,
yana zaginsu da Asante ɗaya bayan ɗaya.

Kwana na tara ta tashi.
Yara suka yi ihu, mai kunu ta ajiye ludayi.
Sai ta maƙale a giya ta biyu
tana gurnani har Tafo, ta ƙi gaba.
Ashe ƙwaƙwalwar tana tambayar gudun taya,
tsohon jiki bai san ana tambaya ba.
Siririyar waya ɗaya. Na sha jan mai har gwiwar hannu
kafin na same ta.

Jumma'a bayan masallaci ya zo da sandarsa.
Na zauna gefe, ya murza makulli.
Muna isa shataletalen Suame
ƙafar hagu ta tashi da kanta,
ta taka ƙasa, wayam,
hannu ya kai wa iska cafka.
Mota ta canza giya ba ta nemi shawararsa ba.
Bai yi dariya ba.
Shekara talatin da ɗaya, in ji shi, yana kallon titi.

Da muka dawo ya leƙa kwandon tarkace.
"Ina abin takawar nan?
Mayar min da shi, ko ba ya riƙe da komai."

Na ɗaura, na sa masa sifirin mai laushi
wanda gwiwa ba za ta ji ba.
Ban rubuta a lissafi ba.
Allurar gudu har yau ƙarya take, tana ƙara goma.
Na gaya masa. Ya ce a bar ta.